Yadda muka haɗa jiragen ruwa na wasa da yara, daga wanda ya nutse har zuwa wanda ya yi tafiya

A lokacin hutun makaranta ne yarana biyu da ɗan ƙanwata suka tasa ni gaba, wai sai mun haɗa jirgin ruwa na wasa. Babban shekararsa 9, ƙanwarsa 7, ɗan ƙanwar tawa kuma bai cika 5 ba. Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Sai da muka kwashe kwana 6 kafin mu samu jirgin da ya tsaya a kan ruwa, ya ɗauki kaya, ya kuma yi tafiya da kansa. Rabin kwanakin nan kuskure ɗaya ne ya cinye su, wato muna gama ƙawata jirgi tukuna sannan mu kai shi ruwa mu ga ko zai zauna. Zan jero yadda abin ya gudana daki-daki, don uwa ko uba ko malamin da zai yi wannan aiki da yara ya tsallake ramukan da muka faɗa.

Ranar farko da takarda muka fara, domin ita ce a kusa. Takardar rubutu ce irin ta A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. Ana ninke ta biyu, a lanƙwaso kusurwoyin sama guda biyu su haɗu a tsakiya, a ɗaga leɓen ƙasa na gaba da na baya, sai ta zama kamar hula. A buɗe hular daga ciki a danne ta ta koma mai kusurwa huɗu, a sake ɗaga ƙasan ta kowane ɓangare, a sake buɗewa a danne, sannan a ja gefe biyun a hankali, jirgi ya fito. Babban ya kama tun a karo na biyu. Ƙanwarsa ta sha wahala a wurin jan ƙarshe, tana ja da ƙarfi takardar ta yage, sai da na riƙe hannunta muka ja tare. Daga nan suka ɗauko kalar ruwa da buroshi, suka shafe kusan awa guda suna zane. Ita ta yi wa nata tagogi da furanni, har da sunanta a gefe. Muka jira ya bushe, muka cika baho da ruwa a tsakar gida, kowa ya sa nasa. Da farko sun tsaya cak, yara suna tsalle. Ba a jima ba ƙasan jiragen ya jiƙe, kalar ta fara narkewa tana bin ruwa ja da shuɗi, takardar ta yi lakwas, nata jirgin ya buɗe ya kwanta sharkaf. Ta ɗago shi yana ɗiga, ta dube ni ta ce, "Umma, sunana ya goge." Sai hawaye. Jikina ya yi sanyi ƙwarai, domin ni na ba su kalar, ni kuma na ce su yi adon son ransu.

Da daddare na zauna na sake ninka wasu, na goga musu kyandir a ƙasa da gefe har takardar ta yi santsi. Kakin kyandir ba ya barin ruwa ya shiga cikin takarda da wuri, haka ma kalar yara mai kaki idan an danna ta sosai. Washegari waɗannan sun daɗe a kan ruwa fiye da na jiya nesa ba kusa ba, amma daga ƙarshe ruwa ya samu hanya ta wuraren ninki. Jirgin takarda abin wasan ɗan lokaci ne, kuma gara a faɗa wa yaro haka tun kafin ya fara, a kuma ninka masa uku ko huɗu, kada ya ɗora ransa a kan guda ɗaya.

A wannan rana ta biyun ne muka ce bari mu yi mai ƙarfi. Muka yanka kwali, muka yi masa ƙasa da bango, muka manne da farin gam na makaranta. Babban ya dage sai an kafa dogon tsinke a tsakiya an ɗaura masa ƙyalle, yadda iska za ta tura shi. Farin gam ba ya bushewa nan take, don haka muka jera jiragen a inuwa muka bar su suka kwana. Wannan jira ya fi komai yi wa yaran wuya. Ƙaramin yana zuwa yana taɓawa da yatsa, yana tambaya, "Anti, ya bushe?" har sai da barci ya ɗauke shi. Da safe muka kai su baho. Na babban ko daƙiƙa biyar bai yi ba ya karkata ya kife, saboda tsinken ya yi tsawo, ƙyallen ya yi nauyi, gindin jirgin kuma siriri ne. Sauran biyun sun ɗan tsaya, sai gam ɗin ya koma fari fat kamar lokacin da aka matso shi, ya saki, bangon ya rabu da ƙasa. Ashe farin gam da ruwa ake haɗa shi, kuma idan ya jiƙu yana komawa yadda yake. Kwalin ma ya sha ruwa ya kumbura. Aikin yini guda da jiran dare guda suka tafi a banza.

Nan na kira yayana, wanda ya daɗe yana koyar da kimiyya, na zayyana masa duk abin da ya faru. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kun fara daga ƙarshe ne. Ki ajiye kala da ƙyalle tukuna. Ki bar su su fara gane abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa." Na ce, "Yaya, ai ni ma ban gane ba. Na san dai abu mara nauyi yana tasowa." Ya ce to ta yaya jirgin ƙarfe mai ɗaukar motoci yake tsayawa, alhali ƙusa ɗaya tana nutsewa? Ya bayyana mini cewa duk abin da aka sa a ruwa yana ture wani ruwan gefe don ya samu wurin zama, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Wannan ka'ida Arkimidis ne ya fayyace ta, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Saboda haka jirgin da zai iya ture lita ɗaya kafin ruwa ya kai bakinsa, zai ɗauki kilo ɗaya, har da nauyin jikinsa a ciki. Ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau 8, alminiyam kuma sau 2.7, amma idan aka buɗe su aka yi musu ciki mai faɗi, yawancin abin da ke cikin jirgin iska ce, sai ya ture ruwa mai yawa da ɗan nauyi kaɗan.

Ya ba ni gwajin da za mu yi a rana ta huɗu, kuma shi ne ya juya mana aikin gaba ɗaya. Na samo takardar alminiyam mai sheƙi, na yanka ta gida-gida, kowane yanki santimita 15 ta kowane gefe. Kowane yaro ya samu yanki biyu. Na farko na ce su dunƙule shi su jefa a ruwa, ina jiran ya nutse in fara bayani. Bai nutse ba. Dunƙulen ya riƙa yawo a sama, babban yana kallona yana jiran magana. Na ɗan rikice, sai na tuna batun iska, na gane akwai ta a maƙale cikin lungunan dunƙulen. Muka ninke wani yankin sau da yawa, muka buga shi da guduma har ya zama ɗan falle mai tauri, muka sa shi ta gefe, ya tafi ƙasa tsundum. Wanda zai yi wannan gwaji ya lura da nan, don dunƙulewa da hannu kawai ba ta isa ba. Yanki na biyu kuma kowa ya siffanta shi yadda yake so. Babban ya yi siriri mai tsini irin na kwale-kwale. Ƙanwarsa ta yi mai faɗi kamar tire, ta ɗaga masa baki. Muka tara notinan ƙarfe masu girma ɗaya, ana sa su ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa da babbar murya. Siririn ya karkata tun da wuri, ruwa ya shiga ta gefe. Mai faɗin ya yi ta ɗauka har ya ninka na yayanta ya wuce. Yarinyar da ta yi kuka ranar farko ita ce yau take nuna wa yayanta yadda zai baza notinan a ko'ina maimakon ya tara su wuri ɗaya. Daga baya na yi lissafi a takarda: idan aka ɗaga bakin santimita 2.5 ta kowane gefe, ƙasan zai rage 10 da 10, cikin zai ci mililita 250, wato giram 250 ke nan iyakar abin da zai ɗauka idan babu huda ko karkacewa. A aikace ba a kaiwa nan, amma yaron ɗan shekara 9 ya fahimci lissafin, kuma ya ji daɗin cewa ana iya sanin ƙarfin jirgi tun kafin a sa shi a ruwa.

Abin da ya fi burge ni a wannan rana shi ne babu wanda ya yi kuka da jirginsa ya nutse. Nutsewar ma ita ake jira, ana ihu ana tafi. Ba a ɓata lokaci wurin ado ba, don haka babu abin da aka yi asara, sai a zazzage ruwan a gyara baki a sake.

Rana ta biyar muka koma kan jirgin da zai daɗe. Muka wanke gorunan ruwa na roba masu rabin lita, muka rufe murafensu gam. Gora ɗaya tana tasowa ba matsala, amma da zarar an ɗora mata wani abu a sama sai ta mirgina, abin ya koma ƙasa. Na fara tunanin ko mu haƙura da gora, sai babban ya ce, "Umma, mu haɗa biyu mana, ɗaya ta riƙe ɗaya." Haka aka yi. Muka jera su gefe da gefe da ɗan tazara a tsakani, muka gitta musu tsinkaye biyu masu kauri, gaba da baya, muka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, muka ƙara da salatif mai faɗi. Kafin a yi komai a kai, muka kai shi ruwa tsirararsa. Ya zauna daram. Muka kaɗa ruwan da hannu ya yi igiya, bai kife ba. Irin wannan jirgi mai jiki biyu ana yin sa na gaske, ana kiransa katamaran, sunan kuma daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya samo asali. Gora biyu masu rabin lita za su iya riƙe kusan kilo ɗaya kafin su nutse gaba ɗaya, amma mun tsaya ƙasa da rabin haka don jirgin ya samu sararin yin tafiya. Wani abu game da salatif: sai a busasshiyar gora yake kamawa. Mun gwada liƙa shi bayan an fito da jirgin daga ruwa, ya ƙi, sai da muka goge shi tas da tsumma.

Ita ƙanwar ta fi son gora ɗaya, ta ce nata ba ya buƙatar abokin tafiya. To nan muka koyi amfanin nauyi a ƙasa. Na yanke mata gefen gorar da almakashi aka samu buɗaɗɗen ciki, na rufe bakin yankan da salatif don yana da kaifi, muka manna ƙananan duwatsu a can ƙasan cikin, a tsakiya. Jirgin ya ɗan ƙara nutsawa, amma ya daina mirginawa, ko an tura shi gefe sai ya dawo ya miƙe. Dole a manne duwatsun. Da muka bar su sake, jirgin na karkata suka gangara ɓangare ɗaya suka ƙarasa kifar da shi. Da na gaya wa Yaya, sai ya ba yaran labarin jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa, wanda aka ƙawata da sassaƙa, aka ɗora masa igwa 64, ya yi tsawo da nauyi a sama, nauyin ƙasansa kuma bai isa ba. A tafiyarsa ta farko a tashar Stockholm, a watan Agustan 1628, iska ta karkatar da shi, ruwa ya shiga ta kafofin igwa, ya nutse bayan tafiyar kimanin mita 1,300 kacal. Sai a 1961 aka ciro shi, yanzu yana gidan tarihi. Babban ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, irin nawa na kwali ke nan." Ya kuma gaya musu cewa jiragen kaya suna da alama a jikinsu da ke nuna iyakar inda ruwa zai kai idan an yi lodi, ana kiranta layin Plimsoll, da sunan wani ɗan majalisar Birtaniya, Samuel Plimsoll, wanda ya yi fafutuka har aka kafa dokarta a 1876. Nan take kowa ya nemi alƙalamin da ba ya gogewa ya ja wa jirginsa layi, aka yi doka ba a lodin da zai wuce shi.

Saura tafiya. Ƙyallen iska muka fara gwadawa, wannan karon gajere, da leda maimakon yadi, domin leda ba ta shan ruwa ta yi nauyi. Muka kafa tsinken a tsakiyar jirgin mai gora biyu, tsawonsa bai kai tsawon jirgin ba. Ana hura masa iska da baki ko da mafici, yana tafiya sumul. Amma babban yana son wanda zai tafi ba tare da an hura ba, sai muka yi masa farfela. Muka ɗaura tsinkaye biyu suka zarce ta bayan jirgin, muka gitta robar ɗaure kuɗi a tsakaninsu, muka yanko ɗan falle mai tauri daga murfin wata roba muka soka a tsakiyar robar. Ana murɗa fallen har robar ta nannaɗe, a sa a ruwa, a saki. Karon farko jirgin ya yi baya da gudu. Yaran suka tuntsire da dariya, ni kuma na tsaya ina juya abin a kaina. Abin da na gano shi ne, don jirgi ya yi gaba, dole ɓangaren fallen da ke cikin ruwa ya tura ruwan baya. Saboda haka wurin murɗawa sai a juya shi kamar tayar motar da ke komawa baya, idan an saki sai ya warware kamar tayar da ke gaba. Fallen kuma kada ya cika faɗi har ya riƙa dukan tsinkayen gefe, mun rage shi sau biyu kafin ya juya ba tangarɗa. Mun gwada na balan-balan ma, aka ɗaure bakinsa a kan bututun roba siriri, aka manna bututun yana kallon baya. Iska na fita ta baya, jirgi na yin gaba, irin abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya rubuta a 1687 cewa duk turi yana da martani daidai da shi ta ɗaya ɓangaren. Wannan ya fi kowanne gudu, amma ni kaɗai da babban muke hurawa. Balan-balan da ba a hura ba, ko gutsurensa idan ya fashe, yana iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro, don haka da ya fashe na tsince gutsattsarin nan take.

Ƙaramin shi ma ya samu nasa, kuma shi ne mafi sauƙi. Soson wanke-wanke sabo, aka soka masa ɗan tsinke mara tsini da 'yar leda, shi ke nan. Ba ya nutsewa ko ya sha ruwa, ba ya karyewa, in ya jiƙe a matse. Da na san haka, da shi zan fara ba shi tun ranar farko, maimakon ya zauna yana kallon manya suna yanke-yanke. Na kuma nuna masa wani ɗan abin mamaki: ɗan falle na roba mai siffar jirgi, an tsaga masa baya, a ɗiga sabulun ruwa a tsagar, sai ya zabura gaba. Sabulun yana sassauta jan da saman ruwa yake yi ta baya, sai jan gaba ya rinjaya. Sau ɗaya yake yi a ruwa ɗaya. Da sabulu ya bazu, sai an zubar an ɗauraye mazubin an sa sabo, don haka a yi shi a ƙaramin faranti, kuma a ƙarshen wasa, kada a ɓata ruwan bahon.

Sai a rana ta shida muka dawo kan ado, bayan kowane jirgi ya ci jarrabawarsa. Muka shanya su suka bushe ƙayau. Fentin akirilik muka yi amfani da shi, wanda idan ya bushe ruwa ba ya wanke shi, tare da alƙalamin da ba ya gogewa. A jikin gora mai santsi fentin yana son ɓarewa, sai muka fara naɗa salatif na takarda a saman jirgin inda ruwa ba ya kaiwa, muka yi zanen a kansa. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. An sake yin jira, amma wannan karon na shirya masa, na ba su takardar alminiyam suna gasar lodi har fentin ya bushe. Yarinyar ta sake rubuta sunanta, a sama da layin da ta ja.

Da zan sake daga farko, ga yadda zan yi. Zan cika bahon ruwa kafin in ɗauko almakashi, ya zama yana kusa, duk matakin da aka gama a tsoma a gani: jikin jirgin shi kaɗai, sannan da kaya, sannan da tsinke da leda, ado a ƙarshe. Zan fara da takardar alminiyam, don a nan yaro yake gane faɗi da nauyi da idonsa. Zan bar kwali da farin gam da kalar ruwa don wani aikin da ba na ruwa ba. Kayan da muka saya ba su wuce salatif da fenti da takardar alminiyam ba, sauran yawancinsu abubuwan da za a zubar ne, sai dai a fara tara su kwana biyu kafin ranar. Yankan gora da huda murfi aikin babba ne, ɗauri da liƙi da lodi da zane kuwa na yara ne, kuma na lura duk lokacin da na karɓe aiki daga hannunsu don in yi shi da kyau, sha'awarsu tana raguwa. Idan jirgi ya kife, tambayar "me kake ganin ya jawo?" ta fi amfani a kan in gyara masa da kaina. Notina da duwatsu da murafen gora kada su kai hannun yaron da bai kai shekara 3 ba, don bakinsa zai kai su.

Batun ruwan kansa shi ne wanda ba na wasa da shi. Ƙaramin yaro yana iya halaka a ruwan da zurfinsa bai wuce 'yan santimita ba, kuma ba tare da wani ihu ko motsi da za a ji ba. Ban taɓa barin su a bakin baho in shiga ɗaki ba, ko don ɗauko almakashi, sai dai in aiki babban ko in tafi da ƙaramin a hannuna. Zurfin tafin hannu ya ishi duk jiragen da muka yi. Da an gama wasa nake juye ruwan in kife bahon, ko da kuwa za a sake cika shi da yamma. Jiragen kuma mu zazzage su, mu cire robar farfelar don kada ta saki, mu jera su a inuwa su bushe. Na mai gora biyun har yanzu yana nan, sau ɗaya kawai muka sake masa salatif da roba, babban kuma yana tara goruna masu lita ɗaya da rabi, wai yana son ya ga ko zai ɗauki kilo biyu.